Kwat Kafin Labule

Lokacin da kuɗin fetur suka kai mu karatu London, na kai matata Hajara kallon opera, wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, a wani gidan wasa da ke unguwar Aldwych, ina ta mata bayani kamar a gidan aka haife ni. Masu goge suka fara kiɗa. Na lumshe ido, sai ga ni a bakin rafin garinmu, iska tana kaɗa gero. Kiɗa na tsayawa na miƙe, na sa kwat.

"Tashi, an gama."

Turawa suka zuba min ido. Hajara ta ja rigata. "Malam, share fage ne. Ko labule ba a ɗaga ba."

Har yau, in ta kawo ruwan wanke hannu kafin tuwo, sai ta ce, "Malam, sa kwat, an gama."