Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita

Na je jarrabawar ɗaukar malamin kwamfuta a wata makaranta a Malumfashi, tun a motar Funtuwa nake ji kamar na riga na samu aikin. Hajiya, shugabar makarantar, ta turo mini kwamfutarta, malamai uku na zaune suna kallo.

Ta ce, "Malam, ga jerin lambobi. Kowace lamba ita ce iyakar tsallen da za ka iya yi daga wurin. Rubuta mana tsarin da zai gano ko za a kai ƙarshe."

Har dariya na yi. Na rubuta cewa kullum a yi tsalle mafi tsawo, na danna ina gyara hula.

Tsallen farko ya dira kan sifili. Tsarin nawa ya tsaya nan yana ta maimaita tsallen da ba ya zuwa ko'ina. Allo ya daskare, fankar ciki ta kama gurnani.

"Sakamakon ɗalibai duka yana ciki fa," in ji wani malami.

Na fizge wayar wuta daga bango, na manta akwai batir. Da na ji kwamfutar ta ɗauki zafi sai na cire hula na shiga yi mata fifita, ina salati.

Hajiya ta miƙo hannu ta danna maɓalli biyu, komai ya lafa.

Sun ɗauke ni. Amma har yau, ko wayar wani ce ta yi zafi a ofis, sai an ƙwala kira: "Malam, taimaka da hularka!"