Yadda Na Zama Kocin Kaji

A shekarun da aka kawo Shari'a, kowa a Daura maganar haƙƙi yake yi, ni kuma na kai nawa wa'azin kan kaji. Na sayo 'yan tsakin buroila don Sallah, na ce kulle su zalunci ne, na buɗe musu ƙofa su motsa jini.

Matata ta ce, "Malam, waɗannan fa don ci da kwanciya aka yi su."

Na ce, "Ke dai zuba ido."

Kajin maƙwabcina suka yi ƙirji, nawa suka yi ƙafafu.

Ana gobe Sallah wani mai gashin kaji ya zo daga Kongolam zai saya. Ya dube su ya ce, "Malam, na ci ne ko na tsere?" Na ce bari in kamo masa ɗaya ya ji nauyi. Kazar ta bi lungu, na bi ta da babbar riga, har santsi ya zaunar da ni cikin kwata a ƙofar masallaci, daidai an idar da La'asar. Dattawa suka tsaya kallo. Mai sayen ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Mu muka cinye su, kuma har gobe ina kan bakana: naman ya fi daɗi, tauna ce dai da yawa. Sai dai sunana ya ɓace a unguwa. Ko liman in ya gan ni, cewa yake, "Koci, yaya 'yan wasa?"