Turaren da na shafa ranar auren Sale

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren abokina Sale ba, a wani ƙauye kusa da Kunci, shekarar da tsadar hatsi ta mayar da gidaje da yawa cin tafasa da rama. Ni kuwa a lokacin babu abin da ke gabana sai tara turare. Ina aikin awo a kasuwar hatsi ta Dawanau, ɗan abin da na samu ya tafi a kwalba. (Inna takan ce da ana tuƙa tuwo da ƙamshi, da gidanmu ya fi kowane gida ƙoshi.)

Da turaren kirki ya gagare ni, sai na ci karo da wani tsoho a kasuwar ƙauye ya baza kwalabe marasa suna a kan buhu. Na shinshina ɗaya, ƙamshi mai nauyi da wani sanyi-sanyi. Da zai miƙo mini sai ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Na ce amin, a zatona halin rayuwa yake nufi.

Ranar auren na bulbula shi har a hula. Da na zauna a tabarma, na kusa da ni suka fara matsawa ɗaya bayan ɗaya, hira ta mutu. Wani ya tambaye ni a hankali ina na samo turaren nan. Na gyara zama na ce, "Daga Dubai aka kawo mini." (Allah ya yafe mini.)

Bayan an shafa fatiha na shiga cikin gida in gaida kakar Sale, tsohuwa makauniya wadda ɗanta Audu, mahaifin Sale, ya rasu a daminar shekarar. Ina yin sallama matan da ke daka suka tsaya, taɓare a sama. Tsohuwar ta ɗaga kai tana shinshina iska, ta miƙe ba sanda, ta taho kaina kai tsaye kamar tana gani. Ta kama rigata da hannu mai sanyi.

"Audu," ta ce da raɗa, "ba su rufe ka da kyau ba ne?"

Na yi ƙoƙarin ja da baya. Mata suka ɗauki salati, wata ta yar da taɓarya ta faɗa ɗaki. Ina ta cewa, "Iya, ni ne abokin Sale," amma ta ƙi saki, tana kuka tana shafa fuskata.

Sai da aka kira Malam Ilu, mai wankan gawa na ƙauyen. Ya shinshina kafaɗata sau ɗaya.

"Samari, wannan ai turaren likkafani ne, har da kafur a ciki. Irinsa muka sa wa Audu."

Wani daga ƙofa ya ce, "Ai ya ce daga Dubai yake."

Malam ya ce, "To, mu dai a nan sai mutum ya cika muke shafa masa."

Da rigar aro na koma gida, tawa a ƙulle cikin leda. Sale ya yafe mini, amma ya ce kwana uku kakarsa ta yi tana zama a bakin ƙofa tana jira.

Har yau ina tara turare. Sai dai kafin in saya, nakan tambayi mai shi: masu shafa wannan, da ƙafarsu suke tafiya ko ɗaukarsu ake yi?