Ranar da Na Yi wa Janareta Jana'iza a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa raba ni da Hajara ba. A farkon shekarun dubu biyu ne, ina koyar da kimiyya a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan N'Djamena, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Mahaifin Hajara ya rasu, don haka ƙaninsa, Baffa Isufu, mutumin Damagaram, shi ne waliyyi. Ya aiko wai yana son ganina kafin manya su shiga magana. Innata ta ja mini kunne: "Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kome aka ce ka ce to." Na ce to. (Wannan ce "to" ta ƙarshe da na faɗa daidai a ranar.)

Na ci shadda mai sitaci, na isa gidansa a unguwar Ambasatna da azahar, rana kamar ta narka mutum. Wuta kuwa kwana uku ba mu gan ta ba. Janareta na ta ruri a tsakar gida, fanka na kaɗa mu a zaure. Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ku masu ilimi, yaushe za mu huta da rashin kuran, wutar nan da ake ta ɗauke mana?"

Tambayar hira ce kawai, amma ni sai na ji an sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Makon nan na karanta labarin wata na'ura a mujallar Faransanci. Na miƙe zaune na fara: faifai ne na tangaran, a gasa shi ya yi jajir, a bi da iskar gas ta gefe guda, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, sai lantarki ya fito. Ba ƙara, ba baƙin hayaƙi! Har da nuna janareta da yatsa: "Wannan jarabar kwananta ya ƙare, Baffa. Masu sayar da ita sai su koma tallan gyaɗa!"

Baffa ya tashi a hankali, ya je ya kashe janareta. Fanka ta tsaya. Ya dawo ya zauna.

"Shekara ashirin ina sayar da janareta a kasuwar Dembe," in ji shi. "To, kunna mana naka. Muna jira."

Wayyo! Na so ƙasa ta tsage. Zufa ta dinga bin bayana, sitacin shadda ya koma koko. Shi ko gezau, yana jan carbi. Daga bayan labule na ji dariyar da ake dannewa, kuma na san mai ita.

Da ƙyar na ce, "Baffa, ai tana ƙasar Turawa, ba su gama gwaji ba."

"Kalas, ya isa. Je ka tada jarabar."

Sau tara na ja igiya. A na goma ta tsinke, na faɗi zaune a cikin baƙin mai. Nan Baffa ya yi dariya har da hawaye, ya ce wanda ya sha wannan bai gudu ba, ba zai gudu ya bar 'yarsa ba.

Har gobe ina nan kan bakana, na'urar za ta zo. Amma na koyi cewa kafin ka yi wa sana'a jana'iza, ka tambayi ta wanda kake zaune a tabarmarsa. Duk ranar da aka ɗauke wuta, Hajara ba ta ko ɗaga kai. Sai dai ta ce, "Malam Tangaran, muna jira."