Kwanon Surukata a Sararin Sama

Jama'a, yau da wuya a sage nake muku rubutu, saboda na shafe ƙarshen makon nan ina kallon sama a tashar jirgin ruwan garinmu. Ba tsuntsu nake nema ba. Kwanon rufin surukata ne yake lilo a can.

Surukar tawa, Mama Sewa, tsohuwa ce mai ƙoshin lafiya da kaifin baki. Tun bara ɗakinta mai rufin ganyen bishiyar sago yake yoyo, in ana ruwa sai ta yi ta jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Matata Betsi ta ce in damina ta dawo ba a rufe ɗakin ba, to Mama gidanmu za ta tare. Allah ya sani ina ƙaunar Mama. Amma ranar da na ji wannan magana, ranar na sayar da duk robar da na tatsa, na yi odar kwano daga Mosbi, babban birninmu.

Ranar Talata jirgin kaya ya iso. Kun san yadda muka saba: jirgi na tsayawa, maza su jera, kaya su bi kafaɗa har bakin titi, kafin rana ta karkata an gama. Amma wannan karon sai muka tarar an gitta igiya a ƙofar tasha, Oga Mai Farar Hula, shugaban wurin, yana tsaye a bayanta.

"Ko gwangwanin kifi kada wanda ya taɓa," in ji shi. "Mai Girma Mai Almakashi yana tafe daga Mosbi, zai buɗe sabon injin ɗaga kaya. Shi zai fara sauke jirgin nan."

Injin kuwa duk mun san shi. Ga shi nan rawaya, ya fi bishiyar kwakwa tsawo, tun kafin zaɓen da ya wuce yake tsaye, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Kyaftin Aihi, mai jirgin, ya sauko yana nuna bakin gaɓa. "Oga, ruwa janyewa yake yi. In na daɗe da wannan nauyi, a kan yashi zan zauna har damina."

"Kogin ya ɗan jira," in ji Oga.

Maƙwabcina Kwambi ya cire buai, goron nan namu, daga bakinsa ya ce, "An dai sanar da kogin, ko?"

Ranar Laraba masu rawa suka sha gashin tsuntsu, suka buga gangar kundu a filin jirgin sama har fentin fuskarsu ya narke. Mai Girma bai zo ba. Ba na ganin laifinsa, mutum mai buɗe-buɗe da yawa ba ya rasa uzuri. Sai dai shinkafa ta ƙare a kantuna, maganin zazzaɓin ɗakin shan magani yana cikin jirgin, robar manoma kuma tana tule a bakin ruwa tana wari.

Da safiyar Alhamis Mama Sewa ta iso tasha, matan kasuwa na biye da ita. Ta ɗaga igiyar nan kamar mai ɗaga labule.

Oga ya sha gabanta. "Mama, doka ce."

"Ɗana, ni na yanke maka cibiya, kuma ban jira kowa daga Mosbi ba. Matsa."

Ya matsa. Gari duka ya bi ta. Ana waƙa ana tsokanar juna, buhu na bin buhu, kafin azahar an kwashe jirgin tas, an loda roba. Kowa ya yi gaba da nasa. Ni kaɗai na rage ina gadin damin kwanona, ina neman wanda zai kama mini, don nauyi gare shi.

Sai muka ji ƙarar jirgin sama.

Ban taɓa ganin farar hula ta jiƙe da gumi haka ba. Oga ya dubi jirgi, ya dubi inji, ya dube ni. Ya zo ya kama hannuna biyu.

"Wantok, ɗan'uwana, ka rufa mini asiri. A mayar da kwanon nan cikin jirgi, injin ya samu abin ɗagawa. Ana gamawa, motar tasha za ta kai maka har ƙofar Mama."

Kwambi ya raɗa mini, "Kada ka yarda." Amma ni na riga na hango kaina a gaban mota, ina ɗaga wa mutane hannu. Na yarda.

Mai Girma ya yi jawabi mai daɗi, gaskiya. Ya ce nan gaba jiragen duniya layi za su yi a kogin nan, har sai mun riƙa korar wasu. Ya yanke kintinkiri, aka yi tafi. Injin ya yi gurnani, kaji suka watse, ƙugiya ta sauka ta cafki damin kwanona. Ya tashi sama a hankali yana walƙiya cikin rana. Ba zan ɓoye muku ba, na ji alfahari, har na taɓa na kusa da ni na ce nawa ne.

Yana kaiwa can ƙololuwa, injin ya yi tari ya yi shiru.

Ashe man da aka tanadar masa, shi aka juye a motocin da suka je tarbar baƙi. Mai Girma ya ɗaga kai ya ce, "Kun gani? Ko a sama ya riƙe kaya, ba ya gajiya." Aka sake tafi. Aka ɗauki hoto, aka ci naman biki, jirgin sama ya tashi. Kyaftin Aihi ma ya ba ni haƙuri ya ja jirginsa tun ruwa bai gudu ya bar shi ba. Kwanona ya zama ba abin da ke ƙasansa sai kogi da kadojinsa.

Na tambayi Oga yaushe za a samu mai. Ya ce ya sanar da na sama, zai zo a jirgi na gaba. Na ce yaushe ne jirgi na gaba? Ya ce in ruwa ya dawo.

Washegari Mama Sewa ta kawo kujera da faifan buai, ta zauna a bakin tasha tana sayar wa 'yan kallo, don har daga ƙauyuka ake zuwa da kwale-kwale. Da ta hango ni sai ta ce, "Ɗan nan, ka ce za ka yi mini rufi, amma ba ka ce mai tsawo haka ba." Betsi kuwa ko kallona ba ta yi. Duk iskar da ta kaɗa, sai damin ya yi ƙara, ni kuma in ɗaga kai.

Fasto Dume ne ya cece ni. Ranar Lahadi bayan sujada ya ce a tsiyayo man janaretan coci, duk mai ɗan dizal a gida kuma ya kawo. Sai ga mutane da kwalabe da gwangwanaye, ana zubawa ana yi mini dariya. Injin ya tashi, kwano ya sauko lafiya, ko lanƙwasa bai yi ba. Kwambi da 'yan cocinmu suka kama mini har gida, kafin yamma ta Litinin mun buga wa Mama rufinta. Ta shiga ta duba ko'ina, ta ce ba laifi, wanda a bakinta wannan babban yabo ne.

Don haka ina miƙa godiya ga manyanmu, sun nuna wa kwanona garin nan daga inda ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Af, na ji an ce wata mai zuwa Mai Girma zai dawo ya buɗe sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya. Duk wanda ya san jikinsa ba daɗi, ina ba shi shawara ya yi ƙoƙari ya warke kafin ranar.