Sabis Ya Ɗauke a Zurmi

Wani malami ne a wata makarantar ƙauye can wajen Zurmi. Makarantarsu ta shiga haɗakar makarantun Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi masu koyar da yara da kwamfuta. Aka ba su ƙananan kwamfutoci, aka ce duk ƙarshen wata za a haɗu ta bidiyo a waya, kowace makaranta ta faɗi inda ta kai. Hedimasta ya duba, ya ga mutumin nan ya fi kowa babbar waya, ya ce shi ne wakili.

To shi kuwa ko kunna kwamfutar bai iya ba, kuma kunya ta hana shi tambaya. Ya kulle su a sito cikin kwalayensu.

Watan farko aka haɗu. Malam Na'Allah na Kaura, shugaban taron, ya ce Malama Lauratu ta Shinkafi ta fara. Tana cikin bayani sai ta ƙame, baki buɗe, hannu a sama.

Mutumin ya zabura ya hau salati. "Jama'a, ku kai mata agaji. Wagga baiwar Allah shanyewar jiki ta samu. Wa ka kusa da Shinkafi?"

Na'Allah ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Sabis ne ya ɗauke mata. Mu wuce ta."

"Shi ke nan? Ba a ƙara tambayarta komi?"

"To mi za a tambayi wanda ya ƙame?"

Mutumin ya gyaɗa kai. Ranar lokaci ya ƙare ba a zo kansa ba.

Wata na biyu Na'Allah ya ce, "Zurmi, ina kunka kwana? Yara sun fara taɓa kwamfuta?"

Mutumin ya gyara murya. "To, ranka ya daɗe, alhamdulillahi, yaranmu dai sun..." Sai ya ƙame. Baki a karkace, yatsa a sama, ko ƙiftawa babu.

Na'Allah ya ce, "Allah sarki, Zurmi ma abin ya shafe su. Mu wuce."

Daɗi ya kama mutumin. Ya koma gida yana ta gwaji gaban madubi. Matarsa ta tambaye shi wa ya shanye furar baƙi, ya ƙame. Hedimasta ya nemi makullin sito, ya ƙame. Har liman ya ce masa kwana biyu ba a ganinsa sahun gaba, ya ƙame masa a ƙofar masallaci.

Wata na uku Na'Allah ya buɗe taro da gargaɗi. "Duk makarantar da ba mu ji bayaninta ba yau, za a kwashe kwamfutocinta a kai inda ake buƙata. Zurmi, da ku za mu fara."

Ranar zafi ya koro mutumin daga ofis, yana zaune gindin itacen bedi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyar magana ita ce..." Ya ƙame.

Na'Allah ya ce, "Yau kam muna jira. Sai sabis ɗin ya dawo."

Mutumin na nan a ƙame. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya daure. Ƙudan ya zagaya ya leƙa cikin baki, ya daure. Hawaye suka fara zuba, yatsa na nan a sama.

Can sai ga wata jar akuya ta bayansa. Ta tsaya, ta shinshina hularsa, ta ɗora haɓa a kafaɗarsa, ta leƙa waya ta yi wa mutanen Kaura da Shinkafi kuka. Malama Lauratu ta kife kan tebur don dariya.

Na'Allah ya ce, "Malam, ikon Allah. Kai sabis ya ɗauke maka, amma ga akuya tana ta yawo bayanka, har kukanta muna ji tangaran."

Mutumin bai motsa ba. Ta tsakanin haƙora ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ita ba layinmu ɗaya ba."