Takardar da Na Ƙona a High Point Road

Wata Asabar a shekarar 2004, da ƙarfe huɗu na yamma, ni da matata Rabi muka tarar an turo wata takarda ta ƙarƙashin ƙofar gidanmu da ke titin High Point Road. Baƙa ce wuluk, da fararen zane kamar sawun kaza.

"Baban Amina, kada ka taɓa!" in ji Rabi.

Na nazarce ta daga nesa, na yanke hukunci: sammu ne, har na faɗi sunan wanda ya aiko. Na kwashe ta da ludayi ina karanta Falaƙi da Nasi, na ƙone ta a wurin ajiye motoci, na barbaɗa wa tokar gishiri.

Washegari maƙwabcinmu, wani dattijo Ba'indiye mai koyar da tarihi, ya ƙwanƙwasa. Ya ce ɗalibinsa ne ya kawo masa takarda, ya kuskure ƙofa. Takardar kwafin rubutu ce da aka ɗauko daga jikin wani dutse a Indiya, shaidar harshen kakanninsa tun sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ita kaɗai gare shi.

"Tana ina?" ya tambaya.

Rabi ta nuna ni.

Har yau, duk wasiƙar da ta zo, tare da ludayi Rabi take miƙo min ita.